Mma Mai Man Kaɗe da Ɗakinta na Laka

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma, da mai salla da mai zuwa coci. Mma ta koma ranar Litinin da hantsi, saura kwana goma Buronya, wato Kirsimeti kamar yadda muke kiranta a nan Kumasi. Ta share tsakar gida kamar kullum, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune ta jingina da bango. Hajiya mai koko, maƙwabciyarta ɗaki da ɗaki, ta kawo mata kokon safe, ta yi magana sau biyu ba a amsa ba. Da ta taɓa kafaɗarta sai ta ajiye kwanon a ƙasa ta zauna kusa da ita.

Ina gidan mijina a Sofoline aka kira ni. Kafin motar haya, trotro, ta sauke ni a Zango, labari ya gama unguwa. Na tarar da matan kasuwar Race Course, inda Mma ta yi shekaru tana sayar da man kaɗe da daddawa, sun rufe tirensu sun taho. Wani direban motar arewa yana tsaye a ƙofar gida da hula a hannu yana kuka, ba ya ko ɓoyewa. Hajiya ta riga ta ɗora ruwan wanka, ta fito da likkafanin da ta ajiye wa kanta. Samarin unguwa kuwa tun da suka ji suka ɗauki diga da shebur suka tafi maƙabarta, ba wanda ya aike su. Kafin azahar sun dawo da jar ƙasa har gwiwa, suka ce kabari ya yi daidai.

Sai wata tsohuwa ta tambaya a hankali, wa zai yi mata salla. Shekara arba'in Mma tana cikinmu, tana cin abin da muke ci, tana zuwa suna da biki da zaman makoki, har mutane suka manta a ranar cewa ita ba Musulma ba ce.

Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina kuma mai gidan, shi ya fara magana.

"Wa ya san abin da ke cikin zuciyar mutum? Matar nan ta san lokacin salla fiye da wasu a gidan nan. In kun kira 'yan cocinta, firjin asibiti za su kai ta, su bar ta sati uku kamar kifi. Ni ba zan iya gani ba. A yi mata sutura yau, a rufe ta da mutunci."

Ya juyo ya dube ni. "Ke ce jininta. Abin da kika ce kafin la'asar, shi za a yi."

Kowa ya dube ni, har da surukata da ke zaune a kan tabarma. Da na ce to, ba wanda zai sake tayar da maganar har abada. Na ce a ba ni lokaci kaɗan, na shiga ɗakin Mma na ja labule.

Mma yayar mahaifiyata ce. Daga arewacin Ghana suka fito, wajen Navrongo, gidan Katolika. Mahaifiyata ta musulunta ta auri babana, wanda fatauci ya hana shi zama wuri ɗaya. Ina shekara huɗu ta kwanta ciwo, Mma ta zo jinya da niyyar wata guda. Mijinta ya riga ya rasu, ba ta da ɗa. Mahaifiyata ba ta tashi ba, Mma kuma ba ta koma ba. An ce dangi sun aiko sau uku ta taho da ni gida, ta ce ƙanwarta ta haife ni a Musulunci, a cikinsa za ta raine ni, kuma ba ta ga yadda za ta yi hakan a ƙauyen da babu masallaci ba.

Ta kuwa raine ni, da tsananin da ko 'ya'yan malamai ba su gani ba. Hausarta ta koyo ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. "Kai, ladan ya kira, kana kwance kamar buhun gawayi." Ita ta kai ni makarantar allo ta tsaya a bakin zaure har malam ya karɓe ni. Da azumi ita ke dafa mini abin sahur, ta zauna tana kallona ina ci, ita ba ta ci. Ran da na ce na gaji zan karya, ta ce, "Allah da ka yi wa alkawari da safe ya yi tafiya ne?" Ban sake gwadawa ba.

Nata addinin ba ta taɓa ɓoye shi ba, ba ta kuma taɓa tallarsa ba. Lahadi ta yi wanka, ta ɗaura zane, ta ɗauki carbinta mai gicciye ta fita. Sau ɗaya a shekara ne yake fitowa tsakar gida, a makonni huɗun da ke gaban Buronya. Su suna kiran lokacin Adibenti, ita kuwa "watan jira" take ce mana. A garinsu, in ji ta, yara ne ke gina ƙananan ɗakunan laka a ƙofar gida don tarbar jaririn da za a haifa. Ita ta girma, ta yi furfura, amma ba ta bar abin ba. Tsakar gidanmu siminti ne, don haka takan bi masu haƙa tushen gini ta roƙi jar ƙasa, ta cika buhu, ta yi ta faɗa da kwandasta a kan kuɗin kaya. Direbobin arewa kuma sukan ƙullo mata 'yar ƙasar garinsu a leda tare da man kaɗe, ta gauraya.

Ɗakin bai wuce tsayin gwiwa ba, mai hannu da sauri zai gama shi a yini ɗaya. Mma sai ta raba shi huɗu. Lahadin farko tushe. Ta biyu bango. Ta uku yaɓe da zane, da farar ƙasa da bula da toka. Ta huɗu rufin ciyawa. Daga nan ta bar shi fayau ba komai a ciki, sai ranar Buronya ta sa ɗan jaririn da ta sassaƙa da itace. Ina ƙarama abin yana ba ni haushi. Na ce me ya sa ba za ta gama ta huta ba.

"In na gama yau, gobe in yi me?" ta ce. "Ku kuna jiran wata ku sha ruwa. Ni ina jiran yaro. Bar ni in ji daɗin jirana."

Kuma daɗin take ji, ba faɗa kawai ba. A makonnin nan ba ta cin nama, tana rage tuwo, amma ba na jin waƙa a bakinta kamar lokacin. Takan fitar da kayan ɗakinta kaf ta wanke, har ƙarƙashin gado, wai baƙo na tafe. In ta ji mace mai ciki a unguwa, sai ta ƙulla mata man kaɗe ta kai da kanta, ta ce su biyun aikinsu ɗaya. Lahadi ta uku ita ce babba a wurinta. Ta ɗaura ɗankwali ruwan hoda, wanda bai dace da kowane zanenta ba, ta soya ƙosai ta bi ɗaki ɗaki. "Yau ba a ɓata rai," take cewa. "An ci fiye da rabin hanya." Hajiya takan ce ita dai ba ta gane addinin da ake murna tun baƙo bai iso ba, amma ƙosan ba ta taɓa mayar da shi ba.

Baba Ƙarami ne abokin faɗanta na shekara-shekara. Inda take ginin kusa yake da inda ake alwala. Duk ran da buhun ƙasa ya shigo sai ya fito yana gyara hula.

"Yaya, an fara ke nan? Gidan nan nawa ne ko na Fadan cocinku?"

"Gidanka ne. Taku biyu kawai na ara."

"Bara ma haka kika ce."

"Bara ka mutu?"

Ya yi tsaki ya wuce masallaci. Amma shekarar da akuyar wani ɗan haya ta ture bango, shi ya sa aka ɗaure ta har sabuwar shekara, ya ce ba don ɗakin ba ne, don tsabta ne.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, don in na tsallake shi wannan rubutu ya zama yabon banza. Ina da shekara ashirin da biyu dangin mijina suka sa ranar zuwa gaisuwa, ta faɗo cikin watan jira, bango ya riga ya tashi. Gidan malamai ne, ana ganin girmansu a Zango. Ni kuwa lokacin kaina ya cika da ilimin da bai kai cikin cokali ba. Da safe, Mma tana kicin tana tuƙa musu tuwo, na ɗauki babban bahon wanki na kife a kan ginin. Baƙi suka zo, aka zauna. Mma ta fito da akushi, gicciyenta a wuya. Wadda za ta zama surukata ta tambaye ni wace ce wannan.

Na ce, "'Yar haya ce. Tana taimaka mana."

Tana tsaye a bayana, tazararmu ba ta kai taku uku ba. Ta ajiye akushin, ta durƙusa ta gaishe su, ta koma ta kawo miya da ruwan wanke hannu. Ba abin da ya zube a hannunta.

Da baƙi suka tafi ta ɗaga bahon. Bakinsa ya fasa bango ɗaya. A kan bangon nan ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce ba ni da hankali, ba ni da ido, ban san wahalar ɗauko ƙasa ba, wa ya ce in taɓa mata kaya. Ni ma na ɗaga murya na ce ai laka ce kawai. Muka kwana uku ba ma magana, a ɗaki ɗaya. Maganar 'yar haya kuwa ba ta ambata ba, ranar ko bayanta. Ƙaryar ma ba ta yi wata guda ba ta tonu, don a Zango ba a ɓoye dangin mutum. Surukata ta yi dariya ta ce yarinta ce, aure bai fasu ba. Ban sami komai da abin da na faɗa ba. Na nemi gafarar bango, ta ce ya wuce. Ɗaya maganar na yi ta ɗagawa, yau, gobe, har shekara ashirin da biyu suka sake wucewa. Ina jin kunyar wannan fiye da komai a rayuwata.

Ita kuwa ba ta rage mini komai ba. Na yi shekara tara a gidan miji ban haihu ba, ciki uku suka zube. Bayan na ukun na dawo Zango na kwanta a gadonta, ba na ci, ba na son ganin kowa. Masu zuwa dubiya kowa da nasa wa'azin haƙuri, har na tsani kalmar. Mma ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Lahadi ta jawo kwanon laka har bakin gado.

"Tashi ka kwaɓa mini. Hannuna yana ciwo."

Na ce ba zan taɓa kayan cocinta ba.

"Ƙasa ce. Ƙasa ba ta da coci. Kwaɓa."

Na kwaɓa, ina kuka ina kwaɓawa. Tana ɗora bango tana magana kamar da kanta take. Ta ce shekarar da ta binne mijinta, da shekarar da ta binne ƙanwarta, duk ta yi ginin, ba don ranta yana so ba. Ta ce ɗakin da ba kowa a ciki iri biyu ne, akwai wanda aka fita aka bari, akwai wanda aka share ana jiran mai shiga, kuma daga waje ba ka bambance su, sai mai ɗakin ne ya sani. Na ce in mai shigar bai zo ba fa. Ta ce, "To ka zauna a ɗaki mai tsabta. Ka yi asara?" Na yi dariya, karo na farko cikin wata guda. Ban ce lakar ce ta ba ni 'yata ba, Allah ne ya ba ni bayan shekara biyu. Amma ranar na ci tuwo.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a bakin gadon nan, ita tana kwance an lulluɓe ta, mutane suna jirana a waje. Gaskiya zuciyata tana tare da Baba Ƙarami. Ni 'yar Zango ce, ban san a bar mamaci ya kwana ba, ko tunanin firjin ba na son yi. Sai na duba ɗakin. A jikin ƙusa ga zanen ƙungiyar matan cocinsu, ta goge shi tun da sauran kwana shida Lahadin da za ta sa shi ta zo. A gefen gado ga damin ciyawar rufi, ta yanke daidai tsayi ta ɗaure. Ba wani abu a ɓoye a zuciyar matar nan da za mu yi ta hasashe. Shekara arba'in tana faɗa mana ko ita wace ce, a tsakiyar gidanmu, kusa da wurin alwala.

Na fito. Na dubi Baba Ƙarami.

"Baba, ka yi haƙuri. Mma uwata ce, kuma Kirista ce. A kira mutanenta."

Ya ce yoo, wato to, ya ɗauki butarsa. Hajiya ta sauke ruwan, ta ninke likkafaninta, ta ce ko ba komai ita za ta raka ta har asibiti, kuma ta raka. Kabarin da samari suka haƙa, wani dattijo da ya rasu a bayan layinmu aka sa a ciki da yammar ranar.

Fada ya zo da mutum biyu, ya zauna a kan tabarma kamar kowa, ya ce sai dangi sun iso daga arewa, kuma sai bayan Buronya. Haka aka yi, kwana goma sha tara ta yi kafin a binne ta. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin su ba. Ba mu san yadda ake wannan zaman ba. Masu gaisuwa su zo, su rasa abin da za su ce, tunda ba a kai ta ba. Wasu su fara addu'ar da suka saba, su tsaya a tsakiya su dubi juna. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na kama wankin ɗakinta. Na fitar da komai, na goge har ƙarƙashin gado, na wanke labule. Ina cikin shanya Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin ga kanki kuwa?" Sai a lokacin na lura aikin wa nake yi.

Lahadi ta huɗu da safe na fito na ga Baba Ƙarami tsugune a gaban ɗan ɗakin, da babbar rigarsa, damin ciyawa a gefensa. Mutum ne mai ciwon gwiwa, salla ma a kujera yake yi. Ya ji motsina bai juyo ba.

"Yau ne rufi, ko ba haka ba? Shekara arba'in ina kallo, ai na san yadda take yi." Ya ɗaure wani tsinke ya ƙara da cewa, "Kar ki gaya wa kowa a masallaci." Rufin ya karkace gefe ɗaya, muka bar shi haka.

Ranar ce kuma Fada ya ce in kai kayan da za a sa mata. Ban taɓa taka cocin ba, ko ƙofarsa, duk da tafiyar ba ta fi ta zuwa kasuwar Kejetia ba. Na jira har aka tashi, na shiga harabar da hijabina, da ƙullin zanen a hannu, ina jin kamar kowa ni yake kallo. Wata tsohuwa mai sanda, sanye da zane irin wanda na riƙo, ta tare ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi mini Hausar kasuwa, wadda mace ma "shi" ake ce mata.

"Ke ne 'yarshi na Zango."

Na ce ni ce. Ta juya ta kira sauran da yarensu, kafin in ankara mata sun kewaye ni, wannan ta kama hannuna, waccan ta shafa kafaɗata. Sun san sunana. Sun san sunan 'yata da ajin da take. Wata ta tambayi ƙafar mijina da ta karye shekarun baya. Tsohuwar ta ce shekara tara suna roƙa mini haihuwa, duk watan jira Mma sai ta tashi a gaban ƙungiya ta ce a sa 'yarta a addu'a, har suka haddace.

"Amma ranar da ba na mantawa," in ji ta, "lokacin da aka zo neman aurenki. Lahadin da ya biyo baya ya shigo da doya a kai da zakara a hannu, yana rawa tun daga ƙofa har gaban Fada. Mu duka muka tashi muka bi shi."

Na lissafa a raina. Baƙin sun zo ranar Alhamis. Lahadin nan tana cikin kwana ukun da ba ma magana.

Na ce, "Me ta ce muku?"

"Ya ce a taya shi godiya. 'Yarshi ya samu miji, gidan mutunci, masu salla."

Suka zaunar da ni a kan benci, a cikin cocin da na yi shekara arba'in ina kewaye wa, na yi kukan da ban yi ba ranar Litinin. Malamai sun san addu'ar da ta dace da wanda ya rasu a wani addini, ban kai in yi musu gardama ba. Ni dai na ɗaga hannu a wurin na ce, ya Allah, kai ka san matar da ta tashe ni salla. Ta tafi ban ce mata ta yafe mini ba, kuma a gaban mutanen nan ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yarta.